Ofishin Gobe: Sanyi daga Zane ko daga Janareta?

Wanda ya bi manyan titunan Abuja, ko ya lura da sababbin benayen da ke tasowa a Kano da Kaduna da Yamai, ya san irin ofishin da ake yayi yanzu: fuska ta gilashi shuɗi tun daga ƙasa har sama, a bayan ginin kawunan esi a jere suna ɗigar da ruwa, a gefe guda janareta na ruri. A idon jama'a, ofis na zamani ke nan. Sai dai in an shiga ciki da ƙarfe uku na rana, abin da za a tarar daban ne. Labule a sauke, fitilu a kunne alhali rana na ƙwallewa a waje, ma'aikacin da teburinsa ke jikin taga yana sharce gumi, abokiyar aikinsa da ke ƙarƙashin na'ura ta ƙudundune cikin mayafi. Idan aka ɗauke wuta kuwa, kafin a tada janareta ɗakin ya fara turara mutane, ga shi tagar ba ta buɗuwa.

Fahimtar jama'a a kan wannan batu ta cakuɗe. Wasu na ganin tsimin wuta na nufin a haƙura da zafi. Wasu na ganin da an kafa farantan sola a kan rufi, shi ke nan an gama. Wasu kuma sun ɗauke shi zancen Turawa ne, da bai shafi ƙasar da wutar ma ba ta wadata ba. Abin da masana gini suka daɗe suna nunawa shi ne, daɗin zama da tsimin wuta ba kishiyoyi ba ne, kuma mafi yawan hukuncin da ya shafe su a kan takardar zane ake yanke shi, tun ba a haƙa harsashi ba.

Ma'anar kalmomin

Makamashi shi ne duk abin da ake ja ko ake ƙonawa don na'ura ta yi aiki: wutar lantarki, dizal, fetur, gas. Tsimin makamashi kuwa shi ne a sami biyan buƙata iri ɗaya da makamashi kaɗan. Wanda ya kashe fitila ya zauna a duhu ƙuntata wa kansa ya yi. Wanda ya sauya tsohon ƙwai mai zafi da ƙwan LED, ya sami haske ɗaya da abin da bai kai rubu'in wutar ba, shi ne ya yi tsimi. Ana auna ƙarfin na'ura da wat, wat 1,000 kuma shi ne kilowat ɗaya. Yunit ɗin da mita ke ci shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Idan ana so a gwada gini da gini, sai a duba yunit nawa kowanne ke ci a shekara a kan kowane murabba'in mita na daɓensa.

Daɗin yanayi shi ne halin da mutum ba ya jin zafi ko sanyi ya dame shi. Ba lambar da ke kan rimot kaɗai ke kawo shi ba. Tun 1970 masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Ole Fanger, ya tsara abubuwa shida da ke haɗuwa su samar da shi: zafin iskar ɗaki, zafin da bango da silin da gilashi ke hurowa jiki, danshin iska, motsin iska, kaurin tufafi, da nauyin aikin da mutum ke yi. Shi ya sa mutum biyu a ɗaki ɗaya ke saɓani a kan esi, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Esi ita ce na'urar sanyaya ɗaki. Ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafin ciki take yi ta zubar a waje. Esi mai inbata ita ce wadda injinta ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. Daban take da inbatan sola, wanda ke juya wutar batir zuwa irin ta gida. Abin tare zafi kuma shi ne shimfiɗar soso ko audugar gilashi da ake sawa tsakanin kwano da silin don hana zafi ratsowa.

Yadda aka zo nan

A 1902 Willis Carrier ya ƙera na'urar da ta zama tushen esi, domin wata maɗaba'a a birnin New York da danshi ke ɓata wa takarda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wuta ta yi araha a Amurka, na'urar ta yaɗu, sai masu zanen gini suka ga ba dole ba ne su yi la'akari da rana ko iska. Daga nan aka sami benen gilashi rufaffe, irin Lever House da aka buɗe a New York a 1952, duniya kuma ta kwaikwaya.

A Najeriya ba da wannan aka fara ba. Gine-ginen Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950 suna da baranda da bango mai huji-huji, wanda ke tare rana ya bar iska ta wuce. Tsofaffin sakatariyoyi da makarantun Arewa ma haka suke: dogon gini marar faɗi, silin mai tsawo, tagogi suna kallon juna, baranda ta zagaye. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, aka fara yi wa wannan tsari kallon tsohon yayi. Wuta da mai suna da tallafi, don haka kuskuren zane bai fito fili a lissafi ba.

Yanzu ya fito. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin yunit ga masu amfani da wuta na rukunin A daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225. A Nijar, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turawa bayan juyin mulkin Yulin 2023, ofisoshin Yamai sun ɗanɗana abin da ke faruwa da ginin da ba ya zaunuwa sai da na'ura.

Ta ina zafin ke shigowa

Nan ne zuciyar maganar. Da tsakar rana a sararin da ba gajimare, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat 1,000 na zafin rana. Kwanon da ba a yi wa komai ba kan haura digiri 60, ya riƙa gasa silin, silin kuma ya gasa kan wanda ke zaune. Shi ya sa hawa na ƙarshe a kowane bene ya fi ko'ina wuyar zama. Rufi mai farin launi da abin tare zafi a ƙarƙashinsa, da sarari tsakanin kwano da silin inda iska za ta ratsa, su ne gyara mafi araha idan aka gwada da amfaninsu.

Sai gilashi. Farin gilashi na yau da kullum yana barin kashi 80 cikin 100 ko fiye na zafin rana ya shige. Tagar da ke kallon yamma, daga azahar zuwa la'asar sakaliya, tana iya shigo da kimanin wat 500 a kowane murabba'in mita. Esi mai doki ɗaya da rabi kuma kimanin wat 3,500 na zafi take iya kwashewa. Ke nan gilashin da bai wuce murabba'in mita 7 ba, in yana kallon yamma babu inuwa, zai cinye ƙarfin esi guda cur kafin a zo kan mutane da kwamfutoci. Mutum ɗaya a zaune kusan wat 100 yake fitarwa. Wato tagar nan ta fi ma'aikata talatin zafafa ɗakin.

Labule ba ya magance wannan sosai, domin kafin rana ta taɓa labule ta riga ta shigo ɗaki. A waje ake tare ta: da baranda, da rumfar siminti a kan taga, da faifayen ƙarfe ko katako, da bishiya. Gilashi mai duhu yana rage zafi kaɗan, amma yana rage haske da yawa, sai a koma kunna fitila da rana, fitilar kuma ta ƙara zafi. Akwai gilashi mai rufi biyu da shafe na musamman da ke tare zafi ya bar haske, sai dai tsadarsa ta sa ba shi ake gani a yawancin benayenmu ba.

Fuskar da gini ya kalla ita ce abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, kuma ba a iya gyara shi daga baya. Kano tana kan digiri 12 ne a arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana, rana tana can sama: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran watanni ta karkata kudu. Gajeriyar rumfa ta isa ta kare tagar arewa da ta kudu. Gabas da yamma ne matsala, domin a nan rana ke saukowa ta leƙo ɗaki kai tsaye. Saboda haka ginin da ya dace shi ne wanda ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagoginsa na kallon kudu da arewa, a bangon yamma kuma a ajiye matakala da banɗaki da sito, wuraren da ba a wuni a cikinsu. Taga ta yi sama kusa da silin, domin haske na shiga ciki kusan ninki biyu na tsawon kan tagar daga ƙasa. Gilashin da ke ƙasa da tebur ba ya haska takardar kowa, zafi kawai yake kawowa.

Harabar ma tana da nata. Filin da aka shafe da kwalta ko intalok yana tara zafi ya mayar wa bango har dare. Darbejiya ko maɗaci a gefen yamma, da rumfar ajiye motoci, suna rage aikin esi fiye da yadda ake zato.

Ilimin magina na da, da iyakarsa

Ana yawan kafa hujja da ginin ƙasa, kuma hujjar tana da ƙarfi. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Soron da aka rufe da azara da ƙasa, mai tsawo da ƙananan tagogi, irin na Gidan Makama a Kano ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, shaida ne cewa maginan ƙasar nan sun fahimci yanayinsu.

Masu zanen zamani sun ɗora a kai. A Dandaji da ke jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya yi suna da ɗaga rufin kwano sama da silin ƙasa don iska mai zafi ta fice, tun daga firamaren Gando a 2001. Misalin da ya fi kusa da ofis shi ne Eastgate a Harare, ginin kasuwa da ofisoshi da Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Da dare fankoki na tura sanyin iska ta cikin ramukan daɓen siminti, simintin ya riƙe sanyin, da rana ya riƙa shanye zafin ɗakuna, iskar da ta ɗumama kuma ta fice ta bututun da ke kan rufi.

Amma a yi adalci. Harare tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,500, darenta na da sanyi. Kano da Sakkwato da Maiduguri suna samun irin wannan dare ne daga kaka zuwa ƙarshen ɗari. A Afrilu da Mayu, rana kan kai digiri 40 ko fiye, dare ma ba ya hucewa, katanga mai kauri sai ta kwana da zafi ta tashi da shi. A hunturu buɗe taga na nufin ƙura a kan kwamfuta da cikin ƙirji. A Agusta danshi ne ke damun mutane. Ofis mai mutum hamsin da na'urori kuma ba zaure ba ne. Wanda ya ce za a yi ofis a Sahel babu esi kwata-kwata ya yi alkawarin da zai yi wuyar cikawa. Abin da zane mai kyau ke yi shi ne ya rage girman na'urar da ake buƙata, ya rage watannin da ake kunna ta, ya kuma sa ginin ya zaunu idan wuta ta ɗauke.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko a kan rufewa da buɗewa ne. Injiniyoyin na'ura da yawa sun fi son gini rufaffe ruf, ana tace iskarsa ana sarrafa ta, domin ƙura da hayaniya da sauro ba sa shiga, lissafi kuma ya fi sauƙi. Ɗaya ɓangaren na kafa hujja da binciken Richard de Dear da Gail Brager na 1998, wanda ya nuna cewa mutanen da ke zaune a ginin da suke iya buɗe taga da kansu suna jin daɗi a yanayin da ya fi na ginin esi ɗumi, saboda jiki na sabawa da yanayin garinsa. Tsakanin biyun akwai tsarin gauraye: taga mai buɗuwa da fanka a watannin sanyi, esi a watannin bazara. Ga ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan ya fi kama hankali, da sharaɗin tagar ta rufu da kyau lokacin da esi ke aiki. A watannin rani kuma akwai na'urar da ke sanyaya iska ta hanyar ratsa ta cikin jiƙaƙƙen soso, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa; wutarta kaɗan ce, amma tana shan ruwa, kuma ba ta da amfani da damina.

Na biyu, digiri nawa za a sa. An saba danna rimot zuwa 16, da tunanin ɗaki zai fi saurin sanyi. Lambar nan ba ƙarfin na'ura take nunawa ba, inda ake so ta tsaya ne. Idan aka sa 16 a ɗakin da ba zai taɓa kaiwa can ba, injin ba zai huta ba har a tashi. Indiya ta wajabta tun 2020 cewa sababbin esi su fito daga kamfani a kan 24, hukumar makamashinta kuma ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga na rage kusan kashi 6 cikin 100 na wuta. Japan ta fara tun 2005 da 28 a ofisoshin gwamnati, tare da yafe wa ma'aikata kwat da nektai a lokacin zafi. Sifen ta kafa 27 a 2022. Fankar silin, wadda wutarta ba ta kai wat 100 ba, tana sa jiki ya ji kamar an sauke digiri 2 zuwa 3, don haka esi a kan 26 tare da fanka ta wadatar da mafi yawan mutane. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsohon ma'aunin ofis an gina shi ne a kan jikin namiji, shi ya sa mata suka fi kokawa da sanyi. Mu da kaftani da atamfa suka zama kayan aiki, babu dalilin sanyaya ɗaki don mai kwat guda ɗaya.

Na uku, sola. Ofis ya dace da ita ƙwarai, domin lokacin aikinsa shi ne lokacin rana, ba ya buƙatar batir da yawa kamar gida. Kuskuren shi ne a fara da ita. Rufin bene mai hawa takwas bai fi na mai hawa ɗaya faɗi ba, ga shi buƙatarsa ta ninka takwas. A fara rage buƙata, sannan a sayi faranti daidai da abin da ya rage, a kuma tanadi mai wanke su a lokacin ƙura.

Na huɗu, gini mai sarrafa kansa, wanda na'urori ke kashe fitila da esi idan ba kowa. Yana aiki inda akwai masu gyara da kayan gyara. Inda babu, da abu ɗaya ya lalace sai a tsallake shi a haɗa waya kai tsaye. Makunni daban ga kowane layin fitilu, da mita daban ga kowane hawa, sun fi daɗewa suna amfani.

Daɗin zama ya wuce sanyi

Esi ɗin bango da aka fi amfani da ita ba ta shigo da sabuwar iska. Ta ɗakin take juyawa. A ɗakin taro rufaffe, iskar da mutane suka fitar kan taru daga kimanin 420 cikin miliyan da ke waje ta haura 1,000, sai a ga ana hamma da ciwon kai ana ɗora wa abincin rana laifi. Turai da Amurka sun sha wannan darasi bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da suka toshe gine-gine don tsimi, ma'aikata suka fara rashin lafiya. Annobar korona ta 2020 ta sake tunatarwa. Tsimin da ya hana mutane iska mai kyau asara ce, domin albashin ma'aikata ya fi kuɗin wuta nesa ba kusa ba.

Zauren aiki marar bango, inda kowa ke ganin kowa, yana barin haske da iska su ratsa, amma yana da nasa aibi. Binciken wasu masana na Jami'ar Harvard a 2018 ya gano cewa magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a kamfanoni biyu da suka koma wannan tsari. Ana buƙatar ƙananan ɗakunan waya da na natsuwa. A nan ƙasar kuma, wurin alwala da salla, da inuwar da baƙo zai jira, da ɗakin janareta nesa da tagogi, duk cikin daɗin zama suke, kuma an fi yin su da kyau idan suna cikin zane tun farko.

Doka, da wanda ke biya

Najeriya ta fitar da Dokar Tsimin Makamashi a Gine-gine a 2017, ƙarƙashin Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Daga cikin tanade-tanadenta akwai cewa taga kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi mata inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, a kuma yi amfani da esi mai inbata. Sai dai izinin gini a hannun hukumomin jihohi yake, irin su KNUPDA a Kano, don haka dokar ba ta da haƙori sai inda jiha ta shigar da ita cikin sharuɗɗan amincewa da zane. Akwai kuma takardun shaida na ganin dama, kamar EDGE ta hukumar IFC, wadda ke neman a rage kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa da makamashin da ke cikin kayan gini.

Babban cikas ba na fasaha ba ne. Mai gini shi ke biyan kuɗin rumfa da abin tare zafi, ɗan haya ke biyan dizal. Muddin haka ne, mai gini zai zaɓi abin da ya fi araha da ɗaukar ido. A ofisoshin gwamnati ma, mai ba da kwangila daban, mai sayen mai daban.

Abin da zai biyo baya ba ƙarami ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa esi da fanka na cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar duniya, kuma yawan esi zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 nan da 2050. Zafi kuma ƙaruwa yake: a Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Kowace esi zafin da ta kwashe a kan titi take zubarwa, mai tafiya a ƙasa da mai shago su kwasa. Benen da aka gina bana kuwa zai kai shekara 50 yana tsaye da fuskar da aka ba shi.

Ga ginin da ya riga ya tsaya, akwai abin yi: fentin rufi, abin tare zafi, rumfa a tagogin yamma, toshe kafofin ƙofa da taga, wanke matatar esi a kai a kai musamman a hunturu, da mayar da fankar da aka cire. Ga mai neman hayar ofis kuma, ya je duba wurin da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, ya taɓa gilashin yamma da hannunsa, ya nemi a nuna masa takardun wuta da na dizal na shekara guda kafin ya sa hannu. Idan masu haya suka fara yin wannan tambaya, kuɗin hayar benen da ke shan mai zai fara sauka, masu gini kuma za su fara kiran mai zane kafin su kira mai sayar da gilashi.